Ƙahon Jajibirin Suna

Mu gidanmu jini ba shi jin magana. Kai da ba namu ba, in ƙaya ta soke ka sai ka tsotse wurin ka wuce. Ni in ta soke ni sai in nemi inuwa in zamna, don aiki ya samu. Haka uwata take, haka ƙanenta shike, wanda haɓo kan kama tsakiyar kasuwa har shi jiƙa gaban riga. Wasu gona sunka gada, mu abin da munka gada ke nan.

Shaidata tana bisa huskata. Mu Gobirawa tun muna jinjirai ake yi muna tsaga, daga gehen baki har kusa da kunne, kunci biyu. Ni kunci guda gare ni. Wanzamin da yay yi min ya gama na dama, jini yaƙ ƙi tsayawa, sai yam mayar da aska cikin zabira bai ƙara hiddo ta ba. Haka nit tashi, dama Bagobira, hagu baƙuwa. 'Yan mata a dandali kan ce in juyo musu wajen da sunka sani kahin su gaishe ni.

Ban san dalilin abin ba sai da nit tsuhwa, haƙori yad dame ni, anka kai ni babban asibiti Sakkwato. Likitar yarinya ce ƙarama, amma da taj ji labarina ba ta taɓa haƙorin ba sai da anka ɗebi jinina anka auna. Tac ce, "Inna, jini ba abu guda ba ne. Akwai abubuwa da yawa cikinai. In an yanke, wanga shi tada wancan, wancan shi tada na gaba, har wurin shi toshe. Akwai kuma masu cewa ya isa haka nan, in ba don su ba sai jini shi daskare cikin jijiya shi kashe mutum. Ke guda cikin masu toshewar ne bai ishe ki ba."

Nic ce, "To ai yaɓen katanga ke nan. Mai ɗebo ruwa, mai kwaɓa, mai miƙo, mai yaɓawa, da maigida da ke cewa a tsaya kada a toshe ƙohwa. Ni mai kwaɓata ne rago."

Tay yi dariya tac ce kusan haka. Tab ba ni ƙwayoyin da ke hana yaɓen rushewa kahin shi bushe, anka yi min wata allura mai ƙaro abin da yag gaza, anka cire haƙori, kwana kaɗan ina cin tuwona. Tah hana ni shan asfirin har abada. Amma wanga duk na baya ne. Lokacin da abin da nike ba ku labari yah hwaru ba mu san ƙwaya ba, ba mu san awo ba, asibitinmu ɗan ƙarami ne can Isa, mu kuwa muna wani ƙauye wajen Turba.

Shekara ta biyu ce da ruwa yaƙ ƙi. Mun shibka gero ya hito ya ƙone, mun sake ya sake. Rumbunmu har ɓera ya bar shi. Mutanen arewa sun gangaro daga Nijar da jakkai da raƙuman da kake iya ƙidaya haƙarƙarinsu daga nesa. Samarinmu sun tahi cin rani kudu, damina ta zo ba su ga abin dawowa ba. Muna jiƙa anza mu zubar da ruwan, mu sake jiƙawa har ɗacin shi hita, mu haɗa da ganyen tahwasa da dusa. Amma kada wani shi hwaɗa muku ba a yi dariya ba shekarar nan. An yi. Zannuwa sun yi muna yawa, kowace ta zagaya nata sau biyu, maƙwabciyata mai ƙiba da ba ta shiga ƙohwar ɗaki sai a karkace tac ce ita hwari ya mayar da ita budurwa, a nemo mata miji.

Cikin haka babbar ɗiyata, wadda ke aure Sabon Birni, taz zo gida haihuwar ɗan hwarinta, kamar yadda ake yi. Tah haihi mace, 'yar mitsitsiya, ba ta hi kurciya nauyi ba. Ungozoma tay yanke cibi, anka yi guɗa gwargwadon ƙarhin da ke akwai. Da rana nid duba cibiyar, tana tsattsaho da jini. Washegari nid duba, tsumman da anka naɗa ya jiƙe. Anka gasa, anka danne, da ƙyar yat tsaya. Ungozoma tac ce yunwar uwa ce. Ni kuwa na san jinin gidanmu in na gan shi.

To ga abin da ke gabanmu. Ranar suna da sahe wanzami za shi aske mata kai, shi yi mata tsaga, shi cire mata beli, ɗan naman nan da ke reto can cikin maƙogwaro. Haka ake yi wa kowane jinjiri, ba wanda ke tambaya. Tsagar kunci ko ta yi jini ana iya dannewa. Maƙogwaron jinjira hwa? Ba yatsan da ke shiga can. In anka sa mata aska, ni na san ba mu kai la'asar da ita.

Uwar mijin ɗiyata taz zo daga Sabon Birni bisa jaki, da ɗan gero cikin buhu da wata akuya ramamma ta suna. Doguwar mace ce, ta girme ni, tsagarta kuwa kyakkyawa kamar an ja da zare, kuma ta san da haka. Yaya nike ce mata. Nib bari tash sha ruwa tah huta, sannan niz zamna kusa da ita.

"Yaya, ina da magana. Yarinyar ga kada a sa mata aska."

"Mi kinka ce?"

"Jinina gare ta. Ba shi tsayawa. Cibiyarta ta gwada min."

Tad dube ni daga sama har ƙasa. "Jikata ta hita gari huska sumul kamar bayan ƙwarya? A riƙa tambayarta ɗiyar wa ce? Ga beli kuma, shi tsiro shi hana ta shan nono?"

"Gara ta hita sumul da a hita da ita cikin tabarma."

"A'uzubillahi! Tohwar da wagga magana. Ke wanzaminki ne bai iya aiki ba, yab bar ki rabi da rabi. Yarinya jinin ubanta gare ta, mu kuwa jininmu mai kauri ne. Kakanninmu da shi sunka yi yaƙi."

"Yaya, ba yaƙi za ta ba."

"To tsaga za ta."

Nit tahi wajen maigidana. Malam ne, shina koyar da allo a zaure, mutum mai sanyi da ko kaza ba shi kora da ƙarhi. Yac ce, "Tsaga ba addini ba ce, wanga na sani. Amma ɗiyar ta masu ita ce. Ƙaƙa za ni shiga gaban surukai cikin abin da ba nawa ba? Ki yi addu'a." Nic ce addu'a ina yi, amma aska ba ta jiran a shahwa. Ita ko mai jegon ba ta da baki, ɗan hwari ba a nuna ana son shi. Tana zamne ta juya wa jinjirar baya, hawaye na zuba cikin kunun kanwa, ni kaɗai nig gani.

Saura wanzami. Sarkin Aska muke ce mai, ɗan wanda yay yi min tawa tsagar ne, mutum mai barkwanci, kowa nashi ne. Hwari ya rame shi har zabira ta hi shi ƙiba, kuma ya daɗe bai ga sunan da anka yanka dabba ba. Nis sa anka kira shi zaure nih hwaɗa mai. Yay yi dariya.

"Uwar gida, wancan zamanin baba ne. Ni ina da wani gari da nis samo ga wani Bahillace can wajen Maraɗi. Ko sa anka yanka nib barbaɗa mai, sai jini shi tsaya shi gaishe ni."

"Ka taɓa gwada shi ga irinmu?"

"Jini dai jini ne."

Ba mugu ba ne, ya yarda da garinai har zuci. Nan nig gane magana ba ta shiga kunnen kowa. Su duka jin labarin jinina sunka yi, ba wanda yat taɓa zamnawa yag gani da idonai. To sai in gwada musu.

Ranar jajibirin suna Malam yat tahi kasuwa neman goro da gishiri. Da hantsi mata sun taru tsakar gida ana surhen ɗan geron da Yaya tak kawo, sai nid dahe baya nih hwara nishi. "Wayyo bayana. Wayyo kahwaɗata. A kira min Sarkin Aska shi yi min ƙaho." Ni da ban taɓa yin ƙaho ba tunda anka haihe ni, uwata ta hana. Ɗiyata tal leƙo daga ɗaki ido waje, nih harare ta tak koma.

Yaya tac ce, "Yanzu kinka yi hankali. Mataccen jini ne ya yi miki yawa, shi ke sa ki wagga magana."

Sarkin Aska yaz zo da murna. Niz zamna bisa turmi a kihe, nis sassauta zane nib ba shi baya. Yak kahwa ƙaho biyu bisa kahwaɗuna, yaz zuƙe iska, yal liƙe bakin, hwata tat taso. Yac cire, yat tsattsaga wurin da aska ƙanana ƙanana, yam mayar da ƙahonin yaz zuƙa. Ba zahi sosai. Wanda duk yat taɓa ganin ƙaho ya san abin da ke biyo baya, in an cire sai wanzami shi kaɗe gudan jini baƙi cikin kasko shi gwada maka, shi ce ga ciwonka nan. Da yac cire nawa yak karkata, sai jini yaz zubo ja wur, tsinkakke kamar ruwan zoɓo. Ba guda ko ɗaya.

"Ikon Allah," in ji shi. "Bari dai."

Yash share wurin, yak kwance wani ɗan ƙulli, yab barbaɗa garin Bahillace. Nij ji ɗumi na gangarowa bisa bayana.

"Sarkin Aska, ya gaishe ka?"

"Shina zuwa, uwar gida."

Yaƙ ƙara gari, jini yaw wanke shi. Yaƙ ƙara, har ƙullin yaƙ ƙare. Yac ce a kawo toka. Anka kawo. Yac ce garin bagaruwa. Maƙwabciyata tat tahi da gudu tak kawo. Wata tsohuwa tash shiga rumbunmu tat tattaro yanar gizo, tac ce ko ba komi rumbun ya yi rana yau. Anka liƙa. Ni ina zamne ina ba su labarin ƙanen uwata da haɓonai, ina tambayar ko surhen ya yi. Taɓarya kuwa ta daɗe da tsayawa.

Da hwarko Yaya cewa take, "Ku bar shi shi hita, mugu ne." Da inuwar katanga tat taƙure, zanena ya jiƙe har ƙasa ta hwara sha, sai tam matso kusa da ni. Sarkin Aska zuhwa ta keto mai, shina karanto duk abin da yas sani, har nij ji ya shiga addu'ar shiga kasuwa.

"Kauce," in ji Yaya. Tac cire mayahinta, sabo ne, na suna ne tak kawo, tan ninka shi tad danne wurin da hannu biyu da duk ƙarhinta. Ina jin numhwashinta bisa wuyana.

Lokacin kaina ya hwara juyawa, itacen bedin gidan, dogon yaro ke nan, ya zama biyu. Nic ce bari in yi maganata kahin in hwaɗi.

"Yaya."

"Yi shiru."

"Ba ni yi. Ni babba ce, na ci tuwon shekaru da yawa, jinin na da inda shike hitowa. Kuma baya ne, ga hannunki bisa. Ita ko jinjirar duk jinin jikinta bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Gobe in maƙogwaro ne, ina za ki sa mayahin?"

Tad dai ƙara dannawa har nij ji ƙashina.

Haka Malam yat tarad da mu da azahar, da ɗan ƙunshin goronai a hannu. Tunda anka yi muna aure ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Bai tambayi kowa komi ba, ya san wadda shike aure. Yac ce, "Ke wace irin mace ce!" Nic ce, "Irin wadda kab biya sadaki." Anka ɗaure min baya da mayahin Yaya da rawanin Malam, anka ɗora ni bisa jakin Yaya, shi ko jakin yunwa ta sa in ya yi tahiya kaɗan sai shi tsaya shi yi tunani. Malam na jan shi shina hwaɗa, rabi da jaki rabi da ni, har Isa.

Malamin asibiti yaw wanke wurin, yan naɗe ni da bandeji tam kamar dammen dawa, yay yi min allura. Yac ce, "Wa yas sa ki ƙaho, ke da kin san jininki?" Nic ce ni nis sa kaina. Yad dubi Malam, Malam yad dubi rufin ɗaki. Malamin asibiti yac ce ba inda za ni sai gobe, in na motsa wurin shi ɓalle.

Nan hankalina yat tashi, don wanga ban lissahwa da shi ba. Suna da sassahe ake yi, wanzami kuwa ba shi jiran hantsi. Yaya ba ta ce min ta yarda ba. Sarkin Aska bai ce ya hwasa ba. Malam dole shi koma, shi ne mai raɗa suna. Nir riƙe mai riga nic ce, "Ka tsaya bisa kan jinjirar." Yac ce, "Za ni yi abin da Allah Yab ba ni iko." Na san ikon Malam gaban surukai, bai kai na jakin ba.

Gari na wayewa, jinin ya tsaya, nis sulale ban yi sallama da malamin asibiti ba. Nis samu wasu mata masu kai itace sunka ɗora ni bisa jakinsu rabin hanya, sauran nit taka, ina hutawa gindin sabara in na ga duhu-duhu. Ban kai gida ba sai da hantsi yad dubi ludayi, tun daga bayan gari nike jin guɗa.

Nish shiga tsakar gida. Mata cike. Yaya na zamne bisa tabarma tsakiyarsu da jinjira a cinya. Nim matsa nil leƙa. Kunci biyu, layi layi, baƙi ƙirin, daga gehen baki har kunne. Nan nid durƙushe.

"Ke, kada ki hwaɗi muna nan," in ji Yaya. "Ba ni da sauran mayahi."

Tal lashi yatsa tag goga bisa kuncin yarinyar, tam miƙo min yatsan. Baƙi ne. Katambiri ne, ruwan nan da 'yan mata ke zana huska da shi ranar salla.

"Sarkin Aska nis sa yaz zana da tsinke," tac ce. "Na tsaya bisa kainai, ko layi guda bai karkace ba. Dubi. Ba Bagobira ba ce wagga?"

"Beli hwa?"

"Shina nan inda Allah Yas sa shi. Buɗe bakinta ki gani in kina so."

Ban buɗe ba, don lokacin tab buɗe da kanta tat tsala kuka har kaji sunka watse. Kanta ma ba a aske ba, ɗan gashin goshi kaɗai anka datse da almakashi don a cika al'ada.

Maƙwabciyata ce tab ba ni sauran labarin. Wai da asuba Sarkin Aska yaz zo yaz zamna zaure bai ko kwance zabira ba. Da maza sunka tambaya, yac ce shi ya duba belin yarinya bai nuna ba, sai an jira. Wani dattijo daga dangin uban yac ce shi bai taɓa jin beli na nuna ba kamar gwanda. Sai muryar Yaya tah hito daga bayan zana, tac ce jikarta ce, ita tac ce bai nuna ba, wanda ke da ja shi shigo shi same ta. Ba wanda yash shiga. Malam kuwa wai sai yad duƙa shina ta rabon goro kamar ba shi wurin.

Anka yanka akuyar, naman bai hi a ɗauka hannu guda ba, amma an ji ƙamshi a unguwa, abin da anka daɗe ba a ji ba. Yaya tas sa anka gasa hantar tak kawo min da kanta, tac ce in ci in mayar da abin da niz zubar musu a tsakar gida. Nic ce ta mai jego ce. Tac ce mai jego ba ta yi wauta irin tawa ba. Munka raba uku.

Sarkin Aska yak karɓi ƙahwar akuyatai kamar kowane suna, ba wanda yar rage mai komi. Da za shi tahi yal leƙo daga zaure yac ce, "Uwar gida, ƙaƙa bayan?"

"Ya yi sauƙi, Sarki. Ƙahonka na da kyau. Ina jin wata mai zuwa za ni ƙara."

"Wata mai zuwa ina Sabon Birni," yac ce. "Wanda ke bi mai ma ina can."

Zanen katambiri kuwa kwana kaɗan shike yi shi goge. Yaya tac ci gaba da sabunta shi da hannunta duk sanda yad dushe, har anka yi arba'in sunka koma gida, daga nan tag gaji tab bari. Yarinyar tat tashi da huskarta sumul da belinta, haɓo na kama ta lokacin zahi kamar mu duka, amma ta tashi. Ba wanda yat taɓa tambayarta ɗiyar wa ce a Sabon Birni, don bakin kakarta ta wajen uba taɗ ɗauko, kahin a tambaya ta hwaɗa.